Filin Tambaya da Amsa: Kayan Aikin Zuba Kankare

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan dukkansu a kan kankare suke. Kowane mai tambaya da abin da ya dame shi, amma da na jera su sai na ga hanya ɗaya suka biyo: ana son sanin kayan aikin da ba a yin zubi sai da su, da abin da ke faruwa idan aka rasa ɗaya daga ciki. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina shirin zuba harsashi da daɓen gidana, magini kuma ya ce in bar masa komai. Ni dai ina so in san abin da ya kamata idona ya gani a wurin kafin a fasa buhun siminti na farko. Daga wani mai ginin gidansa na farko.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dabara da ka yi tambayar tun kafin ranar zubi, domin kankare ba ya jiran kowa. Da zarar ruwa ya taɓa siminti, haɗuwar sinadaran da ke sandarar da shi ta fara ke nan, kuma ƙa'idojin sarrafa siminti ba su ba ka tabbacin fiye da minti 45 zuwa awa ɗaya ba kafin ya soma kamawa. A ranar zafi da iska kuwa kwaɓin kan rasa laushinsa da wuri. Duk abin da za a aika yaro ya nemo bayan an fara kwaɓi, to an makara.

Ka fara duba ƙasa. Kankare yana jure danni ƙwarai, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, saboda haka idan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zauna ta gefe guda, tsagewa zai yi. Dole ka ga madaɓi mai nauyi, ko injin daɓe ƙasa mai faranti idan filin yana da faɗi, kuma a riƙa zuba cikon ana daɓewa hawa-hawa, kowane hawa kimanin santimita 15, ba a tara shi gaba ɗaya a bubbuga samansa ba. Sai kayan awo: tef, igiya, lebul, da doguwar tiyo mai ruwa a ciki wadda ake ɗaukar daidaito da ita daga kusurwa zuwa kusurwa, tunda ruwa a bakunanta biyu kullum tsayi ɗaya yake tsayawa.

Bayan haka sai katakon da zai riƙe kankaren, da ƙusoshi da sandunan tokare. Mutane da yawa suna raina wannan ɓangare, alhali kubik mita ɗaya na kankare yana da nauyin kusan kilo 2,400, kuma yayin da yake ɗanye tura katako yake yi kamar ruwa, turin yana ƙaruwa da zurfi. Na taɓa tsayawa a wurin da katakon ginshiƙi ya fashe daga ƙasa ana tsakiyar zubi saboda an yi rowar tokare biyu, aka yi asarar kwaɓin da aikin yini guda, kuma tun daga ranar ba na yarda a fara sai na bi kowane tokare na jijjiga shi da hannuna. A shafa wa katakon mai ta ciki domin ya saki cikin sauƙi. Idan akwai rodi, ka ga wayar ɗauri, ka kuma ga 'yan tubalan nan da magina ke kira biskit, waɗanda ake sa wa a ƙarƙashin rodi domin kankare ya lulluɓe shi ta kowane ɓangare. Rodin da ya kwanta a ƙasa tsatsa zai ci, kuma a harsashi ana bukatar lulluɓin da bai gaza santimita 5 ba.

Abin da na fi so ka matsa a kai shi ne ma'auni. Shebur ba ma'auni ba ne, domin abin da lebura ke ɗiba da hantsi ba shi yake ɗiba da la'asar ba bayan ya gaji. Buhun siminti mai kilo 50 yana cin kusan lita 35, don haka ka sa kafinta ya haɗa akwatin awo mai santimita 25 da 35 da 40, wanda cikinsa daidai yake da buhu guda. Idan haɗin da aka rubuta 1:2:4 ne, sai a zuba buhu ɗaya, akwati biyu na yashi, akwati huɗu na tsakuwa, kuma ko wa ya karɓi aikin haɗin ba zai canza ba. A tuna cewa yashi mai danshi yana kumbura, har yakan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, don haka akwatinsa yana ɗauke da yashi ƙasa da yadda ido ke gani. Sauran kayan sanannu ne: shebur, baro, kwanon sarki, manjagara, faifan katako da za a shimfiɗa wa baro hanya don kada a tattake rodi, durom cike da ruwa mai tsabta, man inji na ko-ta-kwana, fitila, da leda babba saboda ruwan sama.

Tambaya: Injiniya, ni ke kula da leburori a wurin aikinmu. Injiniyan aikin ya hana mu ƙara ruwa a kwaɓi, alhali kankare mai ruwa ya fi saurin zubuwa, ya fi shiga lungu, kuma yana bushewa ya yi tauri kamar kowanne. Ina illar take? Daga wani helima.

Amsa: Ɗan'uwa, na fahimci wahalar da kake magana a kai, domin wanda ya yini yana jan kwaɓi mai kauri da manjagara shi ya san nauyinsa. Amma injiniyanku yana da gaskiya. Kuskuren yana cikin kalmar bushewa. Siminti ba bushewa yake yi kamar laka ba, haɗuwa yake yi da ruwa su zama dutse, kuma ruwan da yake haɗewa da shi bai wuce kusan rubu'in nauyinsa ba. Ana ƙara ɗan ruwa a kai ne domin kwaɓin ya juyu. Duk abin da ya wuce haka zama yake a cikin kankaren ya kama wuri, daga baya ya fita ya bar ƙananan kafofin da ido ba ya gani, waɗanda su ne ke rage ƙarfi, su kuma buɗe wa danshi hanyar kai wa ga rodi. Wani mai bincike a Amurka, Duff Abrams, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a 1918, cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwa ne idan aka gwada shi da yawan siminti, kuma har yau a kanta ake tsara haɗi.

A aikin yau da kullum ana neman ruwan ya kasance kusan rabin nauyin siminti, wato tsakanin lita 22 da 28 ga kowane buhu, har da ruwan da yashi ya zo da shi. Wannan ya sa nake lissafa bokiti mai alama cikin manyan kayan aiki, kuma nake ƙin ganin an miƙa bakin tiyo kai tsaye cikin injin kwaɓi.

Akwai kuma kayan gwaji mai sauƙi da zai raba ku gardama. Mazurari ne na ƙarfe mai tsayin santimita 30, gindinsa 20, bakinsa 10. Ana kafa shi a kan faranti, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi sau 25 da sandar ƙarfe, sannan a ɗaga shi a tsaye a hankali a auna yadda kwaɓin ya sauka. A yawancin aikin gidaje saukar santimita 5 zuwa 10 ta wadatar. Idan ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa. Inda rodi ya cushe har ake bukatar kwaɓi mai gudu, akwai sinadarin sassauta kwaɓi da ake ɗigawa gwargwadon umarnin masu yin sa, yana ba da laushi ba tare da ƙarin ruwa ba. A babban aiki kuma ana cika 'yan akwatunan ƙarfe masu santimita 15 a kowane gefe, a kai samfurin ɗakin gwaji a matse shi a kwana 7 da kwana 28, a nan ne gaskiyar kwaɓin ke fitowa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shin dole ne sai na ɗauko injin kwaɓi, ko kwaɓin hannu ya isa? Daga wani ƙaramin ɗan kwangila.

Amsa: Ya danganta da girman zubin, Malam. Lintal ko 'yar matakala ana iya kwaɓa su da shebur, da sharaɗin a yi a kan daɓe mai tsabta ba a kan turɓaya ba, a juya kayan a bushe har launinsu ya zama ɗaya kafin a sa ruwa, a kuma ƙara siminti kamar kashi 10 cikin ɗari domin cike giɓin da hannu ke bari. Amma dakin, wato rufin kankare na bene, ko harsashi mai faɗi ban yarda a yi su da hannu ba, domin zubin yana so ya tafi ba yankewa. A injin, a fara da ɗan ruwa da tsakuwa, sai siminti da yashi, sai ragowar ruwan, a bar shi ya juya kamar minti biyu bayan komai ya shiga, kada a cika shi fiye da kima, a wanke shi kafin ya kwana. Idan motar kankare ce za ta kawo, a shirya karɓarta tun kafin ta iso, domin bisa al'adar aikin ana son a sauke kayan cikin kimanin minti 90 da haɗa su. Ko ta wace hanya aka bi, kada a saki kankare daga tsayin da ya wuce mita ɗaya da rabi, domin tsakuwa za ta rabu da sauran kwaɓin; a yi amfani da indararo ko bututu a kai shi kusa da inda zai zauna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Da aka cire katakon ginshiƙan ginina sai na ga ramuka a jikinsu kamar saƙar zuma, a wani wurin har rodi ya leƙo. Magini ya ce ba komai, filasta za ta rufe. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, kuma ina roƙonki kada ki bari a shafa filasta kafin injiniya ya zo ya gani da idonsa. Filasta ɓoye ramin take yi, ba ta ɗaukar nauyin bene. Idan ramukan a fata suke, ana sassaƙe wurin har a kai ga kankare mai ƙwari, a wanke, a cike da kwaɓin gyara na musamman. Idan kuwa sun nutsa har bayan rodi, maganar ta wuce magini, domin wani lokaci maganin shi ne a rushe ginshiƙin a sake shi.

Abin da aka rasa a wurin aikinki shi ne injin girgiza kankare, wanda ma'aikata ke kira baibireta. Duk kwaɓin da aka zuba yana shiga da iska a tsakaninsa, kuma kowane kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ta maƙale yana cin kusan kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na ƙarfin kankaren. Ki lissafa da kanki abin da ya rage wa ginshiƙin da ramukansa suke bayyane. Injin yana da doguwar tiyo mai kan ƙarfe da ke rawa da sauri, rawar ce ke sa kwaɓin ya saki na ɗan lokaci, tsakuwa ta zauna, iska ta taso, ruwan siminti ya zagaye rodi. Shi ne ya ba da damar aiki da kwaɓi mai ƙarancin ruwa, kuma da yawa daga masu ƙara ruwa suna yi ne domin ba su da shi.

Mallakar injin dabam, iya riƙe shi dabam. Ana zuba kankare hawa-hawa, kowane hawa santimita 30 zuwa 50. A tsoma kan injin a tsaye, a bar shi ya nutsa da nauyinsa har ya shiga hawan da ke ƙasa da kamar santimita 10 zuwa 15 domin su ɗinke, a riƙe shi daƙiƙa 5 zuwa 15 har manyan kumfa su daina tasowa saman ya yi sheƙi, sannan a zare shi a hankali yadda ramin zai rufe kansa. A matsa gaba kaɗan a sake, kada a bar tsibiri a tsakani. Ba a jan kankare da shi daga wuri zuwa wuri, ba a jingina shi da rodi ko katako, ba a kuma daɗewa a wuri ɗaya, domin tsakuwa za ta nutse ruwa ya taso. A ƙaramin aiki inda babu inji, sai a yi kaurin hawan kaɗan, a soka da sandar ƙarfe sosai, a bubbuga katakon ta waje da guduma. A duba mahaɗar katako ma, domin idan ruwan siminti ya tsiyaye ta can, tsakuwa tsirara za ta rage ko da an girgiza. Shawarata gare ki, kafin zubin dakin ki tabbatar akwai injin, an tashe shi a gabanki, kuma an san inda za a samo wani idan ya tsaya.

Tambaya: Malam, ni ɗan koyo ne. Daɓen da muka yi yana fitar da gari idan an share, wani wuri ma yana ɓarewa. Maigidana ya ce simintin ne ba shi da kyau. Daga wani mai koyon gini.

Amsa: Yaro, siminti yakan lalace idan ya daɗe ko ya sha danshi, amma alamun da ka faɗa sun fi kama da gaggawar gogewa. Kayan gyaran fuskar daɓe suna da jeri, kowanne da lokacinsa. Da an zuba an girgiza, sai a ɗora miƙaƙƙen katako ko gorar alminiyom a kan gefuna biyu, mutum biyu su ja ta suna zarto da ita, ta yanke tudu ta cike kwari. Nan take a bi da faffaɗan faranti mai doguwar ƙota, ya danna tsakuwa ya share sawun gorar. Daga nan sai a ajiye komai a jira.

Jiran nan shi ne inda aka fi faɗuwa. Bayan zubi ruwa yakan taso ya kwanta a sama yana ƙyalli. Duk wanda ya sa cokali a wannan lokaci ya mayar da ruwan cikin fatar daɓen, ya yi mata kwaɓi mai rauni, ita ce daga baya take zama gari. Haka wanda ya barbaɗa busasshen siminti don ya shanye ruwan, ɓawon da zai ɓare ya yi. A bari ƙyallin ya ɗauke, har idan mutum ya taka sawunsa bai nutsa fiye da rabin santimita ba. Sannan a murza da farantin katako ko na ƙarfe mara nauyi, a gyara gefuna, daga ƙarshe a goge da cokalin ƙarfe idan ana son santsi, ko da injin goge daɓe mai fukafukai a fili babba. Inda ruwa zai riƙa taɓawa, kamar farfajiya ko hanyar mota, kada a yi santsi. A ja burushi mai tauri a kai domin ƙafa da taya su samu riƙo.

Tambaya: Injiniya, kwana nawa ake ba kankare ruwa, kuma me ya sa nawa ya tsage duk da an ba shi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Kwana 7 shi ne mafi ƙaranci ga siminti na yau da kullum, Malam, kuma abin da ake nema shi ne danshi mai ɗorewa, ba yayyafin safe da rana za ta ƙone kafin azahar ba. Kayan aikin ba su da yawa: tiyo, buhunan algarara da za a jiƙa a shimfiɗa, leda da za a rufe a danne gefenta, ko a yi wa daɓen ɗan shinge a tara ruwa a kai. Akwai kuma sinadarin da ake fesawa ya toshe fitar danshi. A fara da zarar saman ya yi ƙwarin da ba zai lalace ba. A kwana 7 kankare yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake auna shi da shi a kwana 28, saboda haka ko da an cire katakon gefen ginshiƙi bayan kwana ɗaya ko biyu, tokaren ƙarƙashin dakin sai injiniya ya ba da izini.

Tsagewa kuwa, kankare yana ɗan tsukewa yayin da yake rasa ruwa, kuma daɓe mai faɗi sai ya nemi inda zai saki. Dabarar ita ce a zaɓa masa wurin. Ana tsaga layi da abin tsaga yayin da yake ɗanye, ko da injin yanka cikin awa 6 zuwa 18, zurfinsa rubu'in kaurin daɓen, tazarar layukan kuma ninki 24 zuwa 36 na kaurin. Daɓe mai santimita 10 ke nan zai samu layi duk bayan kimanin mita uku.

Tambaya: Ranka ya daɗe, bayan zubi ƙafafuna sun yi gyambo, ga tafin hannuna yana tsattsagewa. Mene ne magani? Daga wani lebura.

Amsa: Sannu, ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Ka je asibiti a duba gyambon, ka kuma gaya musu siminti ne ya ci ka. Ɗanyen kankare yana da kaifi irin na soda, a ma'aunin kaifin sinadarai da ake kira pH yana kai 12 zuwa 13, kuma mugun halinsa shi ne ba ya zafi nan take, sai bayan awoyi fata ta riga ta ƙone. Takalmin roba mai dogon wuya, safar hannu da ruwa ba ya ratsawa, tabarau, da hular kwano suna cikin kayan zubi kamar yadda shebur yake ciki, kuma samar da su haƙƙi ne a kan mai aikin. Ka saki ƙafar wando a kan takalmin don kada kwaɓi ya zuba ciki, idan ya zuba kuma ka cire nan take ka wanke da ruwa mai yawa. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 sannan a tafi asibiti. Lokacin fasa buhu ko yankan busasshen kankare a sa takunkumi mai tace ƙura, a kuma jiƙa wurin yankan da ruwa, domin ƙurar tana taruwa a huhu kuma cutar da take haifarwa ba ta warkewa.